Lamba Biyu Ba Ya Ƙetare Tsakiya

Jiya a gidan kallon ƙwallo a Dogon Dutsi na ga lamba biyu ya bar baya, ya ruga har bakin ragar abokan karawa, ana ta yi masa tafi. Raina ya ɓaci, don marigayi kawuna ya faɗo mini a rai.

Shi ya koya mana ƙwallo a Tibiri. A wurinsa lambar rigarka ita ce gonarka: bakwai da sha ɗaya su bi gefe, tara ya jira a gaba, biyu ya tsare gida. Ranar da muka kara da samarin Dumega ni ne biyu. Na ga hanya, na kutsa cikin yashi mai zafi, na zura ƙwallo. Ban gama murna ba ya fitar da ni, bakinsa jawur da goro.

"Wa ka bar ma gida?" in ji shi.

Haba Kawu! Ita kaɗai na taɓa ci a rayuwata, kuma yau abin da ka kore ni a kansa ake yabo.

A wasan na jiya kuwa, kafin a tashi aka zura wa su lamba biyun ƙwallo ta gefen da yaron ya bari. Sai na ji kaina ina ihu: "Wa ka bar ma gida?"

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya haskaka makwancinka. Amma ƙwallon nan tawa ta shiga.