Keken Ɗinkin Mudi

Wata rana a gidan suna, wata tsohuwa, mu kira ta Goggo Tasalla, ta ji ana faɗin kuɗin da ake biyan Rilwanu, ɗan maƙwabciyarta Azumi, a kan kowane kashi na shirin da yake fitowa a talabijin.

Ta ture kwanon abincinta gefe.

Rilwanun da ta goya? Wanda ɗanta Mudi ke yi wa aikin makaranta?

Shi Mudi tela ne. Da keken nan nasa yake ci da ita, da matarsa, da 'ya'ya uku. Amma daga ranar, ƙarar keken ta koma mata abin kunya. In Azumi ta gaishe ta, sai ta amsa da hanci.

Safe da yamma magana ɗaya: ya sayar da keke, ya tafi Kano a saka shi a fim. Ya roƙe ta, ta ce in dai ita ta haife shi, to ta gama magana.

Ya bai wa dillali keken yana share hawaye.

Wata biyu Mudi na bin layi. Sau ɗaya aka haska shi, yana riƙe da ƙofar mota, ko fuskarsa ba a gani ba.

Rannan sai ga Rilwanu ya yi sallama a gidan Goggo, ya durƙusa har ƙasa.

"Goggo, ina Yaya Mudi? So nake ya koya mini ɗinki."

"Kai ɗan nan, ba'a ka zo yi mini?"

"Wallahi a'a. Marubucin shirin ya kashe ni a kashi na gaba. Wanda aka kashe kuwa ba a biyansa. Inna har ta saya mini keke wajen dillali."

Goggo ta ja mayafi, ta bi shi gidan Azumin da ta daina shiga.

Ga keke a tsakar gida. Ta gane shi tun daga zaure, don ƙyallen da aka ɗaure mariƙinsa da shi, daga tsohon zaninta aka yage.

Darasi: Ke da kike leƙen tukunyar maƙwabciya, taki na ƙonewa a bayanki. Kuma uwa ta ji tsoron Allah da bakinta, ɗa mai biyayya ba abin wasa ba ne.

Jikata ta rubuta mini, ni na faɗa. Ku tura wa iyaye mata, kada ku rage ko kalma.