Zambon da Aka Ƙwace wa Kaka

Yau a aji mun karanta tsofaffin waƙoƙin zambo na Italiya, inda mawaƙa ke yi wa attajiran garinsu tsiya. Malamarmu ta kira su taska. Raina ya ɓaci.

Na tuna Kaka, mai ƙamshin citta da man shanu. Takan ce, “Marowaci ba ya jin wa'azi, sai waƙa.” Ranar wani suna a Summerfield da ke Amurka, mai gidan ya zaunar da tsofaffi a gareji cikin sanyi. Kaka ta ɗauko masa waƙar zambo, mata na guɗa. Kawu ya fizge makirfon: “Inna, nan fa Amurka ce!”

Ba ta sake rerawa ba har ta rasu. Zambon Italiya an adana, nata ko baiti bai rage ba.

Allah ya saukar da ita inda ba mai ce mata ta yi shiru.