Kifin da Bai Kamata Ya Mutu Ba

Shekarar da abokin zamana ya tattara ya koma Maraɗi, ɗakinmu na unguwar University Heights ya yi mini girma. Kwana shida ina rumfa a Fordham ina sayar da huluna da tabarau, ina magana da mutum ɗari, amma duk maganar ba ta wuce "nawa ne" da "rage mini" ba. Lahadi kuwa sai in wuni ban buɗe baki ba, in ban da salla. Wata rana wani mai sayen hula ya ce mini akwai jiragen ruwa a Sheepshead Bay da ke kai mutane tsakiyar teku kamun kifi, ka biya kuɗin kujera, su ba ka sanda da ƙugiya da koto. Ni ɗan Gaya ne, a bakin kogi aka yanke mini cibiya. Lahadi na zagayowa na ɗauki kula na hau jirgin ƙasa.

Mutanen jirgin kusan su ne dai kowane mako, yawancinsu tsofaffin ma'aikata da suka yi ritaya. Da farko kallon baƙo suka yi mini, ni ma na rama. Sai a zuwa na huɗu wani dattijo Bature, tsohon direban bas mai jan wuya, ya ga yadda nake ɗaura ƙugiya, ya tsaya yana kallo, ya ce in sake ya gani. Tun daga ranar yakan ɗaga mini hannu da safe, ya zuba mini kofi daga fulas ɗinsa. Kofin ba sukari, ɗaci kamar maɗaci, amma ban taɓa ragewa ba. Ba na jin kunyar faɗa: saboda wannan gaisuwar nake jiran Lahadi, ba don kifin ba.

Akwai abu ɗaya da ban taɓa gane musu ba. Mutum ya sha wahala ya jawo kifi, ya auna shi da tef, ya ɗauki hoto yana washe baki, sannan ya mayar da shi ruwa. Duk waɗanda na ga an saki ƙanana ne, sai na ɗauka dokar ke nan, a bar yaro ya girma. An sha yin sanarwa ta lasifika idan za mu tashi, amma ga ƙarar inji, ga Turancin kyaftin da ke fita ta hanci, ni dai kai nake gyaɗawa.

Wata Lahadi cikin kaka, gari ya ɓace mana gaba ɗaya, sai ruwa, na ji an fizgi sandata har ta lanƙwashe. Na daɗe ina kokawa da abin, kafaɗuna na zafi. Kowa ya bar nasa ya taru a bayana, ana ihu, ana ba ni ƙarfi. Da aka ɗago shi da raga sai ga kifi mai ratsi-ratsi, ya kusa kai mini ƙirji, kamar giwan ruwan gida. Aka yi ta dukan bayana. Dattijon nan ya rungume ni. Rabona da wani ya taɓa ni da murna, na manta.

Kifin na ta bugun katako yana buɗe baki. A wurinmu ba a barin abin da Allah ya ba ka yana wahala kana tsaye kana kallo. Kafin a kawo tef a auna shi, na yi bisimilla, na ɗauki kulkin da ke rataye, na ba shi ɗaya a ka. Ya miƙe.

Kowa ya ja da baya yana kallona.

Kyaftin ya sauko fuska a murtuke. A hankali ya yi maganar, yadda ake yi wa wawa. Ashe ba ƙanana kaɗai ake saki ba. Irin wannan, idan ya wuce wani tsawo, yawanci uwa ce mai ƙwai, doka ta hana a riƙe ta.

Na ce, "To tunda ta riga ta mutu, a raba mana, kowa ya kai gida."

Wani ya yi tsaki. Kyaftin ya ce ba za ta taka tudu a jirginsa ba. Aka ɗaga ta aka jefa. Tana yawo kan ruwa a bayanmu ciki a sama, tsuntsaye na sauka a kanta. Raina ya ɓaci, don a idona wannan shi ne babban laifin, amma wa zan faɗa wa?

Awa biyu muka yi kafin mu iso gaɓa. Dattijon bai zage ni ba, da ma ya zaga. Yana gyaran zarensa ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ta fi shekara goma tana ruwan nan."

Ban sake komawa ba. Babu wanda ya kore ni, kunya ce kawai. Makonni na farko nakan duba wayata ranar Lahadi da safe, ko wani zai tambayi abin da ya hana ni zuwa. Sai daga baya na tuna cewa a cikinsu babu wanda ya taɓa karɓar lambata.