Allon da Na Juya wa Benci

Ranar da na kawo kwamfutar shago, Yaya ta leƙo daga ɗakin ɗinkinta ta tambaye ni ko sabulu na sayo. Ba ta yi ƙarya ba. Abar ba ta fi tafin hannuna biyu ba, baƙa wuluk, ba fitila mai walƙiya, ba ƙugi. Tsohuwar kwamfutar da nake gyaran hotuna da ita kuwa sai an cicciɓe ta, in ta tashi aiki har makwabta su ji. Na ce wa Yaya ta jira ta gani, domin wannan 'yar mitsitsiyar allo biyu za ta ja a lokaci guda. Ta ce to, Allah ya ba mai rai gani, ta koma kan kekenta.

Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, shagonta bango ɗaya da nawa a wani layi bayan kasuwar Kontagora, kuma tun muna yara ba ta taɓa barin alfaharina ya kwana lafiya ba.

Kwana biyu na yi ina faman haɗawa. Kafofi biyu ne a bayan kwamfutar, kowace da irin bakinta, wayoyina kuma duk baki ɗaya gare su. Na zaga masu sayar da kayan waya har ƙafata ta yi ƙura kafin na samu ɗan mahaɗin da ya dace. Da na dawo na cusa shi, allon farko ya kawo, na biyun ya yi shiru kamar yana shawara, can sai ya buɗe ido. Wallahi tsalle na yi. Ni da gemuna, ni kaɗai a shago, na yi tsalle har na bugi fanka da hannu.

Sai kuma kibiyar maus ta ƙi bin hanya. In na tura ta dama ta tsallaka ɗaya allon, sai ta tsaya cik a baki. In na ja ta hagu, sai ta ɓulle ta can ƙarshen wancan. Na yi ta nazari, na ga ai magani a fili yake: na cire wayoyi, na rungumo allon dama na kai hagu, na kinkimo na hagu na kai dama, ina gumi ina nishi. Daga baya ne na gano ashe a cikin saiti ake jan su da yatsa ɗaya. Yaya ta ga duk wannan dambe ta taga, kuma har yau in muka taru a gida sai ta kwaikwayi yadda na rungume allon.

Da komai ya zauna, sai son a sani ya motsa. Me amfanin abin al'ajabi in ni kaɗai nake gani? Na bar allo ɗaya a gabana da kayan aikina, na juya ɗayan ya fuskanci bencin da masu jira suke zama, hoton da nake gyarawa ya cika shi fal. A da, mutum zai ajiye hotonsa ya tafi, ya dawo ya karɓi abin da na ga dama. Yanzu kuwa a gaban idonsa nake goge ƙuraje, in miƙe hular da ta karkace, in ɗauke akuyar da ta shigo hoto ba a gayyace ta ba. Benci ya riƙa cika da mutanen da ba su kawo hoton komai ba. Wani mai sayar da rake kullum sai ya ajiye baronsa ya zo kallo, yana ba ni umarni kamar shi ya koya mini aikin. Ni kuwa kaina ya kumbura, har wani lanƙwasa hannu nake yi in zan danna.

A cikin wannan zamani na girman kai wani dattijo ya zo daga wajen Rijau, ranar kasuwa da hantsi. Manomi ne, hannunsa duk kanta. Ya gaishe ni da Hausarsa ta a hankali, ya zaro littafin waƙoƙin coci daga jaka, ya fito da wani ɗan hoto daga tsakiyarsa. Matarsa ce, ta rasu da daɗewa. Hoton kaɗai ke gare shi, wanda aka ɗauke ta don katin ƙungiyar zumuntar mata ta coci. Ya ce jikokinsa mata sun girma suna tambayar kamanninta, yana so a ƙara masa girma a sa a firem su gan ta.

Hoton ya sha wuya. Ya karye ya miƙe ba adadi, ruwa ya taɓa gefensa, duk fuskar layi-layi ce. Na ce, “Baba, zauna ka sha kallo. Yau za ka ga aiki.”

Na ɗauke shi a sikana, na'urar kwafar hoto, na jefa shi kan allon benci, fuskar ta cika gilashin. Na fara gogewa. Layi ya ɓace, benci ya ce “Kai!” Wani ya ɓace, mai rake ya tafa. Yaya ma ta shigo da almakashi a hannu ta tsaya a ƙofa. Hannuna ya yi zafi, na bi kumatu na share, na bi gefen baki na share, na bi goshi. Kafin a ce me, fuska ta yi sumul kamar ta 'yar talla a kalanda. Wata mata a benci ta ce, “Lallai Mama ta koma budurwa!” Aka kwashe da dariya, ni ma ina ciki, na juyo ina jiran Baba ya sa mini albarka.

Bai yi dariya ba. Ya matso da fuskarsa kusa da allon, ya daɗe yana dubawa, sannan ya waiwayo.

“Ɗana, wannan wace ce?”

“Mama ce mana, Baba.”

“A'a. Tawa tana da zane. Ina ka kai zanenta?”

Yaya ce ta fara ganewa. Ta ce, “Kai dai ba ka da hankali. Tsagar gidansu ka goge.” A garin nan aka haife ni, na tashi ina ganin irin wannan zane a fuskokin matan da ke kawo doya da gawayi, amma da na gan shi a allo sai na ɗauke shi karcewar takarda. Kunya ta kama ni sosai. Kuma na san da a zamanin allo ɗaya ne, da na buga, na sa a firem, ya kai wa jikokinsa fuskar wata baƙuwa.

Na yi ta danna komawa baya har duk layukan suka dawo. Na jawo masa kujera gaban allon benci, ni ina kan nawa, na ce shi zai riƙa faɗa, ni in bi. In na ɗora kibiya a kan layi, sai ya ce, “Nata ne,” ko ya ce, “Na takarda ne, cire.” Benci ya sake samun aikin yi. Mai rake ya fara gardama a kan wani layi, Baba ya ce masa, “Kai ka aure ta ko ni?” Aka yi dariya har da buga ƙafa, shi ma dattijon ya dara. Uku a kowane kunci nata ne. 'Yan ƙananan da ke gefen baki nata ne. Dogon da ya ratsa ɗankwali na takarda ne. Wani ɗan tabo a haɓa, ya ce karan dawa ne ya soke ta wata shekara da girbi, kada in kuskura in taɓa shi.

Saura guda ɗaya, ɗan siriri a saman girar hagu. Na ɗora kibiya na jira. Baba ya ƙura wa wurin ido. Ya ce in ƙara masa girma, na ƙara har girar ta cika allon. Ya karɓi ainihin hoton ya shafa wurin da babban yatsa, amma takardar ta yi laushi kamar tsumma, ba ta gaya masa komai ba. Ya rufe ido ya buɗe.

“Wannan ban tuna ba,” in ji shi. “Shekara arba'in ina kallon fuskar nan, yau ban tuna ba.”

Na tambaye shi a hankali ko in cire ko in bari.

“Bar shi,” ya ce. “In na takarda ne, ba zai dame ta ba. In nata ne, kada in zama ni na cire mata.”