Tsarabar Alhaji Ɗanlami

Duk wanda ya zauna da mu a shagon kago, wato na aika kaya, a unguwar Al Sabkha ta Dubai ya san tsarabar Alhaji Ɗanlami. Wasu su dawo daga Istanbul da turare, shi ya dawo da kaburbura cike da waya. Ko ruwa bai sha ba zai jawo rigata: "Isa, zo ka ga masaukin da ba a sabunta biza!" Ga kabarin Turkawa mai rawanin dutse, ga tsohuwar cocin da ciyawa ta cinye. In da rubutun boko a jikin dutse, sai ya ce in karanta, tunda na shiga ajin manya. Abokan karatuna da sunayen 'ya'yansu suka fara haɗa baƙi, ni kuwa da sunayen matattun Turawa.

Makaminsa goro. Duk mai gadin da ya ce ba a ɗaukar hoto, sai ya ɓara goro ya miƙa masa cikin ladabi. "Ba su san ɗacinsa ba," in ji shi. "Kafin mutum ya gama yamutsa fuska, na gama aikina."

Kun tuna da ya yada zango a Addis Ababa, jirgi ya tashi ya bar shi? Yana can gindin wata coci yana shan kofi da tsohon fada, limamin cocin. Da ya iso, Malam Habu mai ja mana salla ya tare shi.

"Haba Alhaji! Da furfurarka, coci?"

"Malam, gini na je gaisarwa. Ya girmi kakanka."

"Kwantenarka fa da ke jira?"

"Kwantena tana da mai ita. Waɗancan bayin Allah da ke kwance a bayan cocin wa ke leƙa su?"

Ta Hajiya Binta, mai sarin yadi a wurinsa, ce ta fi kashe mu da dariya. Daga Kano ta ce ya turo mata samfurin leshin biki. Yatsa ya zame, ya tura mata kabari sabo fil. Ta bugo tana salati.

"Alhaji, mene ne wannan?"

Wani zai ba da haƙuri, ban da shi. "Kwantar da hankalinki, Hajiya. Shi ma yadi yake ci, fari ne kawai."

Sai da ta yi wata ba ta ɗaga wayarsa.

Wata rana muna shan shayi a unguwar Satwa na ce, "Don Allah Alhaji, me ka ajiye a makabarta?" Na zaci zai yi barkwancin da ya saba. Sai ya ce mahaifinsa ya tafi hajji ta ƙasa, ya rasu a Sudan, har yau ba wanda ya san inda yake kwance. "Ni dai Isa, duk inda na faɗi, a nuna wa yarana wurin."

Lokacin korona ya faɗi, a nan Dubai. Ba jirgi, ba rakiya. Aka binne shi a makabartar Muhaisnah, iyalinsa na Kano ba su ga komai ba.

Da aka sassauta doka na tafi. Mai gadi ya nuna mini kabarin, amma da ya ga waya a hannuna sai ya girgiza kai: "Khalas, ba hoto." Na roƙa, ya ƙi. Na laluba aljihu, na ɓara goro na miƙa masa. Ya gatsa, fuska ta yamutse, ya juya yana neman inda zai tofar.

Hoton ya ɗan karkace, don cikin sauri na ɗauka kafin ya juyo. Amma babbar 'yarsa ta ce yana rataye a falonsu.

Allah Ya jiƙan Alhaji Ɗanlami, Ya haskaka makwancinsa, Ya haɗa shi da mahaifinsa a inda ba a neman kowa a rasa.