Kwandon Kallabi na Goggo Ƙande

Ranar Talata, 11 ga watan Maris na 2025, da hantsi, Ubangiji ya kira baiwarsa Goggo Ƙande, matar marigayi Dikko, uwar zumuntar mata ta 'yar ikilisiyarmu da ke kusa da Bande. Ta rasu a ɗakinta bayan jinyar da ta faro tun kaka. Shi ya ba mu aronta, shi ya karɓi abinsa, ba mu da ja.

Ni ce Hindatu, uwar Hawa. Goggo, da hannun da kika koya wa riƙon alƙalami nake wannan rubutu. Sai da na haifi 'ya'ya huɗu ban san baƙi ko ɗaya ba. Ke kika zaunar da mu a gindin bedi bayan surfe, kina zana mana baƙaƙe a ƙasa da kara. Ranar da na fashe da kuka don kaina ya ƙi ɗauka, dariya kika yi, kika ce, "Hindatu, ke da kike kitson amare, wannan 'yar lanƙwasa ce za ta gagare ki?" In an ga kuskure a nan, nawa ne.

A majami'armu maza na zama dama, mata hagu, kuma mace ba ta shiga sujada kai a buɗe. Haka aka koya mana: an ba namiji shugabanci a gida da cikin ikilisiya, kallabi kuma shaida ce mace ta yarda da tsarin Allah. Kin riƙe wannan da gaske, amma ban taɓa jin kin yi wa wata tsawa a kansa ba. Kwando kika ajiye a bakin ƙofa cike da wankakkun kallabai. Baƙuwa ko wadda ta fito a gurguje sai ta ɗauka, in an tashi ta mayar, ke ki wanke.

Da rani mazanmu na tafiya cin rani Najeriya, fasto kuma sai jefi-jefi yake zuwa daga Magaria. Dattijon ikilisiya kaɗai ke saura, Baba Tsoho, shi kuwa idonsa ya daɗe da rufewa. Kowace Lahadi sai ya miƙe ya ce, "Ƙande, na roƙe ki, ki ara mini idonki." Sai ki gyara ɗaurin kallabinki, ki tsaya a ƙasa ta gefen mata, ki karanta Maganar Allah, shi ya yi bayani. Shekara da shekaru ba ki hau wurin wa'azi ba, ba ki buɗe littafi kafin ya roƙa ba, shi ma bai taɓa tsallake roƙon ba. Ba don ke ba, da majami'ar nan a rufe take kowane rani.

Abin da kika yi mini kan Hawa shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Hawa ce 'yar ƙauyenmu ta farko da ta kai lise, wato babbar sakandare, a Damagaram. Bara da ta zo hutun damina, ta iso ƙofar majami'a kai a buɗe. Kika miƙa mata kwando, ta ƙi. Ta ce, "Goggo, Allah ne ya yi gashin, me zan ɓoye masa? In kuma don miji ne, ni ba ni da miji." Aka faɗa wa Baba Tsoho, ya ce ba ta shiga a haka. Ta juya.

Tsoro ya hana ni cin abinci. Mu kaɗan ne a nan, kuma na ga 'ya'yan mutane da suka juya daga ƙofar nan sau ɗaya, har yau ba su dawo ba. Na zo na durƙusa gabanki na ce ki tilasta mata, tunda tana jin nauyinki. Kika ce, "In na ɗaura mata da ƙarfi, kan zai rufu, yarinyar kuwa ta tafi. Wanne kike so?"

Lahadin da ta biyo, tunda maza sun dawo akwai masu karatu, kika ɗauki kujerarki ta tsugunno kika zauna a waje, ƙarƙashin taga. Kika aika wa Hawa cewa tsohuwa na zaune ita kaɗai. Ta zo. Haka kuka yi ta sauraron sujada daga waje har hutun ya ƙare, wata rana cikin yayyafi. Mata suka yi ta gunaguni. Da Baba Tsoho ya tambaye ki, kika ce, "Malam, hukuncinka na nan, ban taɓa shi ba. Cewa ka yi kada ta shiga. Ba ka ce kada ta ji ba." Bai hana ba.

Daga baya Hawa ta ba ni labarin kin sa ta karanta miki nassin rufe kai, daga farko har ƙarshe. Kika tambaye ta, "Wace mace aka ce ta rufe?" Ta ce mai addu'a da mai faɗin saƙon Allah. Kika ce, "To kin ji. Ni in ina ɗaura kallabi, shirin magana nake." Ta ce ai akwai inda aka ce mata su yi shiru. Kika ce, "Na sani. Ni ma ban gama gane yadda biyun suka haɗu ba. Shi ya sa nake jira a roƙe ni." Duk da haka ta koma Damagaram ba ta shiga ba. Na ce miki mun rasa ta. Kika ce ba a tona iri don a duba ko ya tsira, in bar ta.

Kin rasu tsakiyar rani, mazanmu ba su nan. Ƙanenki Malam Faruku da maƙwabtanmu Musulmi ne suka haƙa kabarinki da azumi a bakinsu, Allah ya saka musu. Washegari fasto ya zo a kan moto, wato babur, don sujadar jana'iza. Ni na ajiye kwandon a bakin ƙofa don kada a ga wurinsa wayam.

Ana cikin waƙar farko Hawa ta iso daga tasha, kai a buɗe. Ta tsaya a ƙofa ta daɗe. Sai ta sunkuya ta zaro shuɗin nan da ya koɗe, wanda kike ɗaurawa in za ki karatu, ta ɗaura, ta shigo ta zauna gefena. Wata ta raɗa wa Baba Tsoho cewa Hawa ta shigo da kallabi. Da fasto ya buɗe littafi, dattijon ya miƙe ya ce, "Fasto, ka yi haƙuri, a nan da rani akwai yadda muke yi. Hawa, na roƙe ki, ki ara mini idonki."

Goggo, a inda kike tsayawa ta tsaya. Ta karanta a kan tashin matattu, muryarta har waje, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ni kuma ina bin baƙaƙen da yatsa a littafina, ina ganewa. Mu biyu duk aikinki ne, ba na jin kunyar yin alfahari da shi.

Da za ta koma ta ce, "Inna, tambayoyina fa ba su ƙare ba." Na ce na Goggo ma ba su ƙare ba. Har yanzu ina fargaba a kanta, haka Allah ya yi ni. Amma ba ta mayar da kallabin cikin kwando ba, ta tafi da shi Damagaram, ni kuma ban tambaye ta ba. Kwandon yanzu yana hannuna, ni ke wanki.

Ina miƙa ta'aziyya ga 'ya'yanta Tamu da Yakura, da jikokinta, da Malam Faruku da duk danginta Kirista da Musulmi, da Baba Tsoho, da zumuntar mata. Allah ya ba mu haƙuri. Ubangiji Yesu ya ji ƙanki, Goggo, ya ba ki hutawa a wurinsa, ya tashe ki tare da tsarkaka a ranar ƙarshe. Mu da muka rage, in wata 'yarmu ta sake tsayawa a waje, Allah ya ba mu zuciyar da za mu ɗauki kujera mu je mu zauna da ita. Amin.