Boltin da Baba Ladan Ya Ajiye Mini

Ina tsugune gaban injin ban ruwana a Wurogauri da safiyar yau aka kira ni: Baba Ladan mai noti ya rasu.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ce to, na kashe waya. A lokacin ban ji komai a jikina ba.

Daga Gwandu yake zuwa Kalgo duk ranar kasuwa, da boltoci cikin gwangwanayen madara. Mu nan da lambar sifana muke kiran bolti. Shi ya fara ce mini lambar sifana faɗin kai ce kawai. M8 kaurin jiki ne, milimita takwas, amma kansa wani sha biyu ne, wani sha uku. Lambar da ke biye kuma tazarar haƙora ce, ta ƙarshe tsawo. A bayan kwalin shayi ya zana mini.

Ran kasuwar da ta wuce na kai masa boltin injina da ya karye, albasata na jiran ruwa. Ya ɗora shi jikin wani bolti, haƙori da haƙori, ya ɗaga wa rana.

"M10 ne, amma 1.25. Nawa duk 1.5 ne. Bari in samo maka."

Na ce, "Haba Baba, goma ai goma ce, ba ni kawai."

Ya hana. "Sahabi, in yatsa biyu ba su shigar da shi ba, kak ka sa mai sifana. In ka cinye haƙoran ramin, ka kashe injin."

Kun san ni da zuciya. Na tashi ko sallama ban yi ba, na sayi na 1.5 a wani tebur. Ya ƙi shiga da yatsa. Sau uku ina ɗora masa sifana, in tuna maganarsa in fasa. Albasa ta fara kwantawa.

Yau na isa Gwandu an riga an kai shi. Ina zaune wurin gaisuwa ƙanensa ya tambaya ko ni ne Sahabi na Wurogauri. Ya miƙo mini ƙullin takarda, ya ce a aljihun rigar marigayi aka gani.

Bolti ne a ciki, a takardar kuma rubutunsa ne. Sunana, sai M10 x 1.25 x 40.

Da la'asar na dawo gona na gwada. Da yatsa biyu ya shige har ƙarshe. Ruwa na gudu cikin albasa yanzu, ni kuma ina zaune bakin hanyar ruwa da takardar a hannu. Ban nemi gafararsa ba, wannan ne ke cina.

Allah ya jiƙan Baba Ladan, ya haskaka kabarinsa, ya ba iyalinsa haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a, ya roƙa mini ya zam ya yafe mini tun ranar.